Shagon da ya hana ni fara da i7 a Computer Village

Sana'ata buga takardu ce. Ina da ɗan shago a Agege, wajen Sango, inda muke buga wasiƙu da takardun yarjejeniyar haya, mu yi kwafi, mu ɗauki hoton fasfo, mu cike wa ɗalibai fom a intanet, mu tsara katin gayyatar ɗaurin aure. Lokacin bukukuwa kuma akan kawo mini bidiyon walima ko na suna in gyara in haɗa. Kwamfuta biyu ke ɗauke da wannan aiki duka: ta tebur, Dell OptiPlex 7010 mai furosesa (sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi) i3-3220, da laftof HP EliteBook 840 G3 mai i5-6300U. Tokumbo na saye su, kamar yadda yawancinmu ke yi, kuma kowacce da tsohon faifan nan mai juyawa ta zo, mai cin gigabait 500.

Nauyi ne ya dame ni. Da safe in na kunna ta tebur, sai in share shago, in jera kujeru, in dawo in tarar ba ta gama shiryawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya shigo da takarda shafi ɗaya, yana tsaye yana duba agogo domin zai kama mota zuwa Oshodi, ni kuma ina kallon 'yar da'irar nan tana ta juyawa, Word ya ƙi buɗewa. Wasu sukan yi haƙuri, wasu su karɓi takardarsu su wuce shago na gaba, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda na kai wa kuka, amsa ɗaya ce: ai i3 ce, ka sa mata i7. Haka mutanenmu suke auna kwamfuta, da lambar da ke jikin sitika. Da wannan niyya na tara kuɗi.

Wani da muke salla tare ne ya haɗa ni da shagon da zan yi magana a kai. Yana hawa na biyu a wani bene kusa da titin Otigba, cikin Computer Village ta Ikeja. Mai shagon matashi ne, iyayensa mutanen Zariya, amma a Agege ya tashi, yana jin Yarbanci kamar yadda yake jin Hausa. Ba zan faɗi sunan shagon ba, domin akwai ƙorafi a cikin bayanina, kuma ba na so in zama sanadin taɓa abincin wani. Na sa akwatin kwamfutar a jakar bakko, laftof a baya, na hau jirgin ƙasa na Red Line daga tashar Agege zuwa ta Ikeja. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar nan da na'ura a hannu ya san tun daga ƙarƙashin gada ake fara tare mutum, kowa yana cewa shi injiniya ne, wani har ya kama maka jaka. Kada ka tsaya. Ka san inda za ka tun daga gida, in ka sauka ka kira a turo yaro ya shigo da kai.

Shagon bai fi ɗakin gwauro ba. Tebur ɗaya mai tsawo, fitila mai gilashin ƙara girma, fanka a bango, benci na mutum biyu, sai laftof-laftof a jere kowacce da takarda manne da lambar wayar mai ita. Bayan mun gaisa na ce, "Injiniya, i7 nake so ka sa mini a wannan."

Ya ce, "Akwai shi, Malam, yana nan a durowa. Amma bari mu kunna ta tukuna mu ga abin da take jira."

Ya jona ta da allonsa ya kunna. Da ta samu ta buɗe, sai ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya fito, ya shiga wajen da ke nuna yadda kowane sashe yake aiki, ya juyo da allon wajena. Ya ce in buɗe duk abin da na saba buɗewa da safe. Na buɗe Word, na buɗe Chrome, na buɗe CorelDRAW. Layin furosesa yana ƙasa, yana ɗan tashi ya koma, bai ko kai kashi 30 ba. Layin faifai kuwa ya manne a sama, kashi 100, ya ƙi saukowa. Ya ce in kara kunnena a jikin akwatin. Na ji shi sarai, ƙas-ƙas-ƙas, allurar tana ta kai-komo a kan faifai.

"Malam, ka san Mile 12," in ji shi. "A ce mai awon albasa yana da saurin hannu, amma ɗan dako ɗaya ne tak yake sauko masa da buhu daga kan tirela, kuma tsoho ne. In ka sallami mai awon ka kawo wanda ya fi shi sauri, me ya ƙaru? Shi ma zama zai yi yana jiran buhu."

A nan ne ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane, kuma daga baya na bincika na tabbatar haka yake. Tsohon faifai ƙarfe ne da ke juyawa, na kwamfutar tebur sau 7,200 a minti, na laftof galibi sau 5,400. Duk lokacin da ake neman wani abu, dole allura ta matsa zuwa wurin, sannan ta jira faifan ya juyo da shi, abin da ke cin wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A ji kamar ba komai ba ne, amma lokacin da Windows ke tashi, dubban ƙananan fayiloli take kira, a warwatse, kowanne da nasa jiran. SSD, wato sabon nau'in faifai, ba shi da abin da ke motsi a ciki, kuma yana gano wuri da sauri kusan ninki ɗari. Masu sayarwa sun fi son faɗin wata lambar, wato yawan abin da faifai ke kwashewa a daƙiƙa ɗaya: tsohon faifai megabait 100 zuwa 150, SSD mai igiyar SATA wajen 550. Wannan ninki huɗu ne ko biyar kawai, kuma sai kana kwafe babban fayil kake ganinsa. Sauƙin da hannunka ke ji in ka danna abu ya buɗe nan take, daga saurin gano wurin yake zuwa. Shi ya sa tsohuwar kwamfuta mai i3 da SSD takan fi daɗin aiki a kan mai i7 da tsohon faifai, in dai aikin na ofis ne.

Da na ciro laftof na tambaye shi ko ita za a iya ɗaga mata furosesa, kai tsaye ya ce a'a. A irin waɗannan siraran, furosesa a narke yake a jikin bod, wato babban farantin da sassan kwamfuta ke kai, da dalma, ba a cire shi da hannu. Duk wanda ya ce zai mayar maka da i5 ɗinta i7, ko dai bod ɗin gaba ɗaya zai canja, ko ya sa mata wuta ya ɗaga, aikin da ba kowa ke fita lafiya daga cikinsa ba, ko kuma, Allah ya kiyaye, sitika kawai zai canja maka. Sannan ya nuna mini wani abu da ban taɓa ji ba: i7-6600U da ake sa wa wannan samfuri, ƙwaƙwalwa biyu gare shi, wato sassan lissafi biyu a cikinsa, daidai da i5-6300U ɗina. Gudun nawa yana kaiwa gigahaz 3.0, wancan 3.4. A kan wannan ɗan bambanci mutane ke zuba maƙudan kuɗi. Wannan magana ita ta sa hankalina ya kwanta da shi, domin da ya so, da ya karɓi kuɗina ya sayar mini da bod, kuma da na tafi ina godiya.

Ta tebur daban take. Furosesanta a cikin soket yake zaune, wanda ake kira LGA 1155, ana ɗaga ɗan ƙarfe a cire a sa wani. Sai dai soket ɗin yana da iyaka: zubi na biyu da na uku na Intel kawai yake karɓa, ba za ka ɗauko na zamani ka cusa ba. Daga i3-3220 mai ƙwaƙwalwa biyu, za ka iya hawa i5-3470 mai huɗu, ko i7-3770 mai huɗu da ke raba aiki gida takwas. Duk 'yan shekarar 2012 ne, kuma na hannu kaɗai za ka samu. Ya ce mini, "Ranar da ka ga layin furosesa ya manne a sama, faifai yana hutawa, ka dawo in sa maka. Yau ba ranarsa ba ce."

Na sayi SSD biyu. Na ta tebur, Samsung 870 EVO mai gigabait 500, irin mai faɗin inci biyu da rabi, domin 7010 ba ta da ramin M.2 da ake soka siririn SSD. Laftof kuwa tana da ramin M.2 ban da gurbin tsohon faifai, don haka aka sa mata siririn nan mai kama da sandar cingam, aka bar tsohon a wurinsa ya zama ma'ajiya. Na tambaye shi game da NVMe, wani nau'in SSD da ake cewa yana kaiwa megabait 3,500 a daƙiƙa, ya ce gaskiya ne, amma mai buga wasiƙa ba zai ji bambancinsa da na SATA ba, kada in ƙara ko kwabo a kansa. Ya kuma ƙara wa ta tebur RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, daga gigabait 4 zuwa 8, ya ce in RAM ya cika, Windows kan koma tana aron wuri a faifai, kuma Chrome shi kaɗai yana iya cinye huɗun. Kuɗin SSD ɗin ta tebur da RAM ɗin a haɗe bai wuce abin da na ware wa i7 ba. Farashi a kasuwar nan yana bin dala, don haka wanda zai je ya tambaya a shago biyu ko uku a ranar, kada ya dogara da abin da wani ya biya watan jiya.

Inda shagon ya fi burge ni shi ne wajen gwaji. Jabun SSD sun yi yawa, kwali mai kyau, suna na babban kamfani, ciki kuwa tarkace, wani ma yana nuna girman da ba shi da shi, sai ka cika shi ka ga fayilolinka sun lalace. A gabana ya yanke ledar kwalin, ya jona, ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ya nuna mini lambar jikin faifan ta yi daidai da ta kwali, awannin da ya taɓa aiki sifili, lafiyarsa kashi 100. Yana da na hannu ma waɗanda aka ciro daga wasu na'urori, sun fi araha, kuma bai ɓoye ba, ya jona ɗaya ya nuna mini dubban awanni a kansa. Ya ce wanda ke shakkar girman faifai ya gwada shi da H2testw, tana cika shi taf sannan ta karanta ta ga ko komai ya dawo daidai. A jikin kwalin Samsung ɗin an rubuta garantin shekara 5, kuma kamfanin ya ƙayyade wa mai gigabait 500 rubutun terabait 300, adadin da shago irin nawa zai daɗe bai kai ba. Amma mu a nan, in abu ya lalace, wanda ya sayar maka shi za ka nema, don haka takardarsa ita ce abin riƙewa.

A kan takardar ne ƙorafina na farko yake. Rasit ɗin da aka miƙo mini da farko, "SSD guda biyu" kawai aka rubuta da kuɗi, babu lambar faifai, babu wa'adin garanti. Sai da na ce, "Injiniya, in na dawo bayan wata biyu, da me za ka gane naka ne?" sannan ya karɓa ya rubuta lambobin da wa'adin, ya sa hannu. Bai yi gardama ba, amma bai kamata sai an roƙa ba.

Na biyu, yaron shagon. Shi aka bar wa ɗaura faifan a ta tebur saboda maigidan ya koma kan wata laftof da ruwa ya shiga. A bod ɗin 7010 ba duka ramukan SATA ne ke ba da cikakken gudu ba, wasu rabi suke bayarwa, kuma a ɗaya daga cikin waɗannan yaron ya jona. Da maigidan ya dawo ya gwada gudun, sai ya ga lambar ta tsaya ƙasa da 300. Ya buɗe murfin, ya zare igiyar ya mayar da ita ramin farko, ya sake gwadawa, ta haura 500. Ya yi wa yaron faɗa a hankali, ya nuna masa rubutun da ke gefen kowane rami. Na yaba da ya gwada, amma da ranar cunkoso ce ya manta, da na tafi gida da rabin abin da na biya, kuma ba zan taɓa sani ba. Haka kuma yaron ya so ya liƙa faifan da salatif a cikin akwatin, wai ai ba ya motsi. Na ce a'a, aka aika aka sayo ɗan ƙarfen da ake ɗaure shi a kai. Jira ma akwai shi, ga zafi, ga an ɗauke wuta sai da aka tayar da janareta. Wanda zai je ya je da sassafe tsakiyar mako, ranar Juma'a kuma ya sani ana rufewa a tafi masallaci.

Ya ba ni zaɓi tsakanin a zuba sabuwar Windows ko a kwafe tsohon faifan yadda yake zuwa sabo. Shi ya fi son a zuba sabuwa domin ta fi tsabta. Ni na zaɓi kwafewa, saboda saitin firintata da tarin salon rubutun Larabci da nake buga katin walima da su, waɗanda na sha wahala kafin in haɗa. Na zauna a wurin har aka gama, kuma na karɓi tsohon faifaina na tafi da shi. Wannan ina jan hankalin duk mai sana'a irin tawa a kai: a cikin faifan nan akwai yarjejeniyar gidajen mutane, hotunan matansu da 'ya'yansu, takardun makaranta da na asibiti. Amana ce. Ko an ce za a rage maka kuɗi in ka bar tsohon faifai, kada ka bari. Nawa na saya masa ɗan gida mai igiyar USB, duk ƙarshen mako ina juye aikin mako a ciki, domin SSD in zai mutu ba ya ƙara, ba ya gargaɗi, kuma ceto abin da ke cikinsa ya fi na tsohon faifai wuya.

Sakamako kuwa, alhamdu lillahi. Ta tebur yanzu kafin in ajiye jaka ta gama tashi. Word yana buɗewa da dannawa, CorelDRAW ma ba ya sa ni jira, mai shafi ɗaya yana karɓar takardarsa tun bai nemi kujera ba. Laftof ta yi shiru, kuma hankalina ya fi kwanciya in na shiga danfo da ita ana faɗawa ramuka, tunda Windows da aikin da nake kai duk suna kan faifan da girgiza ba ta dame shi ba.

Amma bidiyo bai canja ba ko kaɗan. Jawo hotuna cikin manhaja ya yi sauri, amma da na danna a fitar da bidiyon walima na awa guda, lokacin da ya saba ci shi ya ci. Na buɗe Task Manager kamar yadda aka koya mini, sai ga abin ya juye: furosesa a kashi 100, fanka tana kuka, faifai yana zaune ba ya komai. Matse bidiyo lissafi ne zalla, kuma lissafi aikin furosesa ne. Bayan ƙaramar Salla, da bukukuwa suka yi yawa har ina kwana a shago ina jiran bidiyo ya fita, na koma Ikeja na ce, "Injiniya, ranar ta zo." Ya ciro i7-3770 ɗin, ya goge tsohon man da ya bushe a kan ƙarfen sanyaya, ya hure ƙurar fanka, ya shafa sabon mai, ya ɗaure. Bai bar ni na tafi ba sai da ya sa ta aiki mai nauyi na wani lokaci yana kallon zafinta, domin i3 ɗin wat 55 yake ja, wannan kuwa 77, a ƙaramin akwati zafi ba abin wasa ba ne. Lokacin fitar da bidiyo ya ragu da fiye da rabi. A wajen buga takardu kuwa, da za a rufe mini ido ba zan iya cewa an canja komai ba. Wanda ba kullum yake bidiyo ba, i5-3470 ya ishe shi, kuma ya fi sauƙin kuɗi sosai.

Akwai wata magana da ya faɗa mini tun zuwan farko, wadda nake ganin ta fi duk sauran nauyi ga mai ƙaramin jari. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida tana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, da ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Ta tebur ɗina zubi na uku ce, laftof na shida. Ko i7 na sa, bai mayar da ita zubi na takwas ba. Kuɗin da na zuba a furosesa a jikin wannan akwati zai ƙare, domin ba zai shiga soket ɗin wata sabuwa ba, na dai san ya biya kansa da aikin bukukuwa. SSD ɗin kuwa sukurori huɗu ne da igiya biyu, ranar da na samu wata kwamfutar zan kwance shi in tafi da shi. Na shiga adashe da 'yan layinmu saboda haka, in kwasata ta zo ina neman OptiPlex mai zubi na takwas, kuma shagon nan zan koma, amma zan tsaya a kan yaron har ya gama ɗauri, rasit kuma a rubuta mini lambar komai tun kafin in miƙa kuɗi.